Jinin Hamisu Ya Ƙaru

Wata yarinya cikin waɗanda aka turo mana koyon aiki bana ta ce min aikin ɗakin gwaji bai wuce ka ɗiga jini a kan kit, ɗan abin gwajin nan na zamani, ba, ka je ka sha shayi, ka dawo ka ga ko layi ɗaya ne ya fito ko biyu. Ban yi mata musu ba, don na ga kit ɗin, na kuma ga shayin. Na dai ce ta tara min sauran 'yan'uwanta in an tashi, tunda ni yanzu ba a ba ni aiki sai sa hannu da surutu. To ga ku kun taru. Mai jin yunwa ya yi haƙuri, tsoho ba ya gajarta labari.

Sunana Luka, kun sani, ko da yake a Makera Luka Mai-jini ake ce min, kuma da ni ake yi wa yara barazana in sun ƙi wanka. Na fara aikin nan a wani ƙaramin asibiti tsakanin Kakuri da Makera, lokacin da masaƙu ke da rai, in jiniyar canjin aiki ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Ni ma da keke nake zuwa daga unguwar Television. Asibitin likita ɗaya gare shi, da nas-nas kaɗan, sai ɗakin gwaji wanda a da kicin ne, kuma bai taɓa mantawa da hakan ba, don zafinsa na nan.

Wanda ya koya min aiki Baba Tanko ne, dattijo ɗan Zariya da ya yi aiki da Turawa, ya gaji tsabtarsu da rashin dariyarsu. Ranar da na zo da takardar makaranta ya karɓa ya duba gaba da baya, ya miƙo min abata, ya nuna min baho. Wankin gilasai na yi ta yi har damina ta wuce. Ƙananan gilasan nan da ake shafa jini a kai, ku jefarwa kuke yi in kun gama, mu kuwa wankewa muke yi, mu dafa, mu goge da tsohon ƙyalle mai laushi, a ɗaga su ga haske ɗaya bayan ɗaya. In ya ga tabon yatsa a jikin guda sai ya mayar da duka cikin bahon, ba faɗa ba zagi. Ya ce gilashi mai datti ƙarya yake yi, kuma da sunanka ƙaryar za ta fita. Kafin ya bar ni in huda yatsan kowa sai da ya sa na huda nawa kaf, don in san inda ya fi zafi in kauce masa.

Madubinmu na duba ƙwayoyin cuta ba shi da ƙwan lantarki, hasken rana yake tarowa daga taga, saboda haka in hadari ya haɗo maleriya takan samu hutu. Sai injin juya jini, wanda in an kunna shi yakan kama hanya a kan tebur, dole mutum ya dafe shi da hannu biyu har ya gama. Wannan injin shi ne rabin aikinmu. Akwai wani siririn tsinken gilas mai rami a ciki, kaurinsa bai wuce na tsinken tsintsiya ba. Ka huda yatsa, ka kai bakin tsinken, jini ya hau da kansa, ka toshe gindin, ka sa a inji. In ya gama juyi sai ka ga jinin ya rabu biyu, ja ya kwanta a ƙasa, ruwa mai launin rawaya-rawaya a sama. Ka ɗora a kan kati ka karanta nawa ne jan a cikin ɗari. Namiji mai lafiya yakan ba ka arba'in da wani abu. Wannan shi ne awon jini, kuma ba wanda ya taɓa yi min tafi a kansa.

Masu zuwa awo kuwa kusan duk matsalarsu ɗaya ce, ƙarancin jini. Mata masu ciki, yaran da maleriya ta tsotse, masu sikila. Saboda haka garin gaba ɗaya ya haddace karatu guda, jini ya ragu sharri ne, jini ya ƙaru alheri. Sai mutum ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Luka, nawa na ci?" sai ka ce jarrabawa ya zauna. In na ce talatin ya tafi a sanyaye ya nemi hanta da zogale da malt da madarar gwangwani. In na ce arba'in da biyar ya tafi yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi. Na san wani direba da ya riƙa zuwa duk ƙarshen wata, ba ciwon komai, don kawai ya ji ya fi surukinsa.

Sai ga shekarar tsuke bakin aljihu, wadda aka yi layin sabulu da madara, kaya suka daina shigowa daga waje. Ku da kuke buɗe kwali ku ɗauki abin da kuke so ba za ku gane ba. Tsinken gilas ya zama abin lallashi. Baba Tanko ya samo ƙaramin zarton da ake fasa kwalbar allura da shi, ya riƙa raba kowane tsinke biyu, karatun ya ƙara wuya amma yana karantuwa. Abin toshe gindi ya ƙare, muka koma sabulun wanki. Ruwan ƙarin ruwa kuwa sai dangin majiyyaci sun bi kemis-kemis sun nemo. Masaƙu ma suka fara rage ma'aikata, wanda ya yi fashin aiki ba dalili ya san ya bar wa wani kujerarsa.

A wannan shekarar ce, wajen ƙarshen damina, Malam Hamisu ya zo. Makaniken injin saƙa ne a ɗaya daga masaƙun Kakuri, ƙato, irin mutanen da in sun ba ka hannu sai ka duba ko yatsunka sun cika. Masaƙar ta riga ta sayi wani sabon inji tun kafin abubuwa su ɓaci, ta tura shi Indiya shi da abokin aikinsa su koyo gyaransa. Ko mako bai yi da dawowa ba zazzaɓi ya kayar da shi. Ya ce kansa na sarawa, bayan idanunsa na ciwo, ƙasusuwansa kuwa kamar tirela ta bi ta kansa. Na shafa jininsa na duba, Baba Tanko ya duba, ba maleriya. Awon jini lafiya lau, arba'in da 'yan kai. Likita ba ta nan ranar, ta shiga gari neman magunguna, Sista, babbar nas ɗinmu, ta ba shi maganin maleriya duk da haka, don a lokacin kowane zazzaɓi maleriya ne har sai ya kawo shaidar cewa shi wani abu ne daban. Ya koma gida Makera.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina tsaye a bakin baho sai ga tasi ta tsaya a ƙofar asibiti. Aka fito da Hamisu ba riga, mutum biyu na tallafe da shi, wani siririn dattijo mai zabira a rataye yana biye, tafin hannunsa manne a bayan Hamisu. Wanzamin unguwarsu ne, Malam Idi. A bayansu kuma mahaifiyar Hamisu, Hajiya Uwani, riƙe da takalman ɗanta.

Abin da ya faru shi ne, da safiyar nan zazzaɓin ya sauka. Jiki ya yi sanyi, gida ya yi murna, har an raba ƙosai sadaka. Ciwon baya ne kawai ya rage, ciwon baya kuwa kowa ya san maganinsa ƙaho ne, a fitar da mataccen jini mutum ya miƙe. Hajiya ta aika aka kira Malam Idi. Ya kafa ƙaho na farko, da ya cire sai ya ga gurbin ya yi baƙi ƙirin. Ya yi 'yar tsaga da aska, jinin ya fito da kauri, ya kuma ƙi tsayawa.

Sista ta ce, "Malam, ɗaga hannunka mu gani."

Ya ce, "Ba zan ɗaga ba sai likita ta zo. Ubana ya yi ƙaho, kakana ya yi, ni ma a cikinsa gemuna ya yi fari. Ban taɓa buɗe wa jini ƙofa ya ƙi komawa ba sai yau. Sauran ƙahonin mayar da su na yi cikin zabira. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Likitarmu mace ce 'yar ƙasar Filifin, cikin likitocin waje da suka cika Arewa a lokacin. Gajera ce ƙwarai, shi ya sa ake ce mata Dakta Ƙarama. Hausarta ba ta wuce sannu da ina ke ciwo ba, sauran ni nake fassarawa. Ta zo ta karɓi bayan daga hannun Malam Idi, ta danne da auduga ta ɗaure tam, ta ce in yi awon jini. Na kama hannun Hamisu na ji shi sanyi ƙalau, da danshi. Na huda, jinin ya fito a daddafe, sai da na matsa kafin rabin tsinke ya cika. Na dafe inji ya gama rawarsa, na ɗora a kati, na kira Baba Tanko. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake dubawa. Jan ya haura hamsin, ruwan sama ɗan kaɗan ne ya rage.

Hajiya Uwani ta riga ta zagayo bakin taga. Ta ce, "Ɗana, nawa ya ci?"

Na ce, "Ya haura hamsin, Hajiya."

"Rannan fa?"

"Arba'in da kaɗan."

Ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Ai na faɗa musu, hanta da zogale safe da yamma. Ga zazzaɓi ya tafi, ga jini ya ƙaru. A ɗaure masa bayan nan da kyau mu tafi gida, na bar tukunya a wuta."

Na kai wa likita tsinken da katin. Ranar na fara ganin Dakta Ƙarama ta yi gudu. Ta ɗaura wa Hamisu abin awon hawan jini a damtse, ta hura ta bar shi ɗan lokaci, da ta kwance sai ga jajayen ɗigo-ɗigo sun feso a fatar. Ta tambaye shi ko cikinsa na ciwo, ya ce ƙwarai. Ta tambaya ko ya yi tafiya, aka ce Indiya. Ta tambaya yaushe rabonsa da fitsari, ya yi tunani ya rasa. Sai ta ce a kafa masa ruwa yanzu-yanzu, kuma kada wanda ya kuskura ya ba shi asfirin ko ya yi masa allura a ɗuwawu. Ta ce sunan cutar denge, sauro ne ke kawo ta, wani mai zanen fari a ƙafa da ke cizo da rana. A ƙasarsu, in ji ta, da damina ɗakunan yara cika suke da ita, amma mai tsanani irin wannan ba ta taɓa gani a Kaduna ba.

Hajiya ta ce ita ba ta yarda ba sai an yi mata bayani, yaya za a kwantar da mutumin da jininsa ya ƙaru. Likita ta tsaya a baranda tana faɗa ina juyawa. Na ce, "Hajiya, ta ce kunu in ya yi kauri a kan wuta, gero ne ya ƙaru?"

Ta ce, "A'a, ruwa ne ya ƙone."

"To jinin Hamisu bai ƙaru ba, ruwansa ne ya tafi. Jijiyoyinsa sun zama kamar sabuwar randa, ruwa na tsatsafowa ta jikinsu yana taruwa a ciki da ƙirji. Jan ba ya iya bi ta ƙananan ƙofofin, shi ya sa ya rage shi kaɗai. In aka bar shi haka zuciya za ta rasa abin da za ta tura. Ga shi kuma 'yan ƙwayoyin da ke toshe rauni sun yi ƙaranci, abin da Malam Idi ya gani ke nan. Kuma ta ce cutar nan ba ta fara wannan aikin sai ranar da zazzaɓi ya sauka."

Hajiya ta ce, "To abokin tafiyarsa fa? Shi ma ya yi zazzaɓin, siriri kamar sanda, ga shi can ya koma aiki. Sai nawa da ya fi shi ƙarfi?"

Likita ta tambaya ko Hamisu ya taɓa yin wani zazzaɓi mai ƙuraje a baya. Hajiya ta tuna. Lokacin yana saurayi a Agege, can Kudu, wajen kawunsa, ya yi wani zazzaɓi har ƙuraje suka feso masa, aka ce baƙon dauro ne ya yi kome, ya warke da kansa. Abokin kuwa ɗan kan dutse ne, daga wajen Pankshin, inda sauro ma sai ya nemi bargo. Likita ta gyaɗa kai. Ta ce cutar nan iri huɗu ce, 'yan'uwan juna, kamarsu ɗaya amma ba ɗaya ba ne. Wanda ya kamu da ta farko yawanci yakan warke, jikinsa ya ajiye masu gadi da suka san fuskarta har abada. In 'yar'uwarta ta zo bayan shekaru, masu gadin nan sai su yi zaton ita ce, su cafke ta, amma kamun bai kai ya kashe ta ba. Su ja ta su miƙa wa manyan ƙwayoyin jiki da aikinsu haɗiye cuta ne, ita kuwa abin nema ya samu, a cikinsu take hayayyafa. Jiki ya ga abin ya yi yawa ya rikice, ya yi ta sakin makamai ba lissafi, makaman nan su ne ke buɗe bangon jijiya.

Hajiya ta saurara har na kai aya. Ta ce, "Wato masu gadin ne suka shigo da ɓarawon."

Na ce, "Haka take nufi."

Ta ce, "To ai wannan ba sabon abu ba ne a Kaduna." Ta aika a sauke mata tukunya.

Bari in tsaya nan in gaya muku abin da ko likitar ba ta sani ba a lokacin. Layin nan da kuke jira ya fito a kit ɗin denge, wani furotin yake kamawa, wanda ƙwayar cutar ke sa jiki ya ƙera mata ya riƙa zubarwa cikin jini. Ku kun ɗauke shi alama kawai. Sai da na tsufa aka kai mu wani taron ƙara wa juna sani na ji cewa shi ma mai laifi ne. Yana kankare wani santsi da ke lulluɓe cikin jijiya, yana sassauta haɗin bangonta, yana kuma zuga garkuwar jiki ta ƙara hauka. Ke nan aika-aikar ta mutum biyu ce, cutar da mai gida. Abin da zai ba ku haushi, a kamu na biyu, wanda ya fi haɗari, tsofaffin masu gadin kan rufe furotin ɗin, kit ya nuna muku layi ɗaya, ku ce wa mutum ya tafi gida. Mu ba mu da kit, ba mu ma da hanyar tabbatar da cewa denge ce, don sai an aika jini nesa cikin ƙanƙara, ƙanƙarar ma ta shan ruwa ba mu da ita. Har yau in kuka ce in rantse sai in ce ban sani ba, na dai ga abin da na gani.

Da azahar labari ya kai masaƙa cewa Hamisu na zubar da jini. Da aka tashi canjin safe sai ga abokan aikinsa sun cika harabar asibiti da kekuna, Musulmi da Kirista, kowa ya naɗe hannun riga. Babbansu ya ce, "Oga Luka, a ɗiba. Ko guga ake so za mu cika."

Na fassara wa likita. Ta ce a gode musu, amma jini ba shi ne ya ɓace ba, in ta ƙara wa Hamisu jini yanzu kaurin zai ƙaru. Ruwa take so.

Ransu ya ɓaci. Babban ya ce, "Ruwa? Mun zo da jini ku ce ruwa? Ko an raina mu ne?" Don a wurin mutanenmu ƙarin jini shi ne babban magani, ƙarin ruwa kuwa na mai gudawa ne.

Baba Tanko ne ya fito ya raba gardamar. Ya ce, "Jininku ku riƙe abinku, ƙafafunku muke so. Ledar ruwa biyu ce ta rage a asibitin nan. Ku bi kemis, duk inda kuka samu ku kawo." Suka watse a kan kekuna, wasu Barnawa, wasu har Tudun Wada, kafin la'asar suka dawo da abin da ya samu. Muka gwada jinin wasu cikinsu, biyu suka dace da na Hamisu, likita ta ce su zauna da shiri ko za a buƙace su. Suka ce da shiri suke, amma gobe da safe dole su shiga aiki, kuma wanda ya shiga ba a buɗe masa get sai an tashi.

Ƙarin ruwa a wannan cuta ba buɗe famfo ba ne. In ya yi kaɗan jijiya ta bushe mutum ya tafi. In ya yi yawa shi ma ya bi ta ƙofofin nan ya cika huhu, mutum ya nutse yana kwance a kan gado. Abin da ke gaya wa likita ta ƙara ɗigo ko ta rage shi ne rabin tsinken nan nawa. Saboda haka bini-bini ina ɗakin kwanciya da allurar huda. In awo ya hau ta saki ruwa, in ya ɗan sauka ta matse. Na huda yatsun Hamisu har suka ƙare na koma na farko, kowane huji kuma sai an danne shi da daɗewa kafin ya tsaya. Tsinkayen da ke gwangwani suna ta raguwa, Baba Tanko ya hana awon kowa sai mai naƙuda. Wuta ta ɗauke, muka jawo waya daga janaretan mai walda da ke maƙwabtaka, injin ya riƙa wani irin kuka da bai taɓa yi ba, muka dafe shi mu biyu.

Malam Idi bai tafi ba. Ya shimfiɗa buzunsa a baranda, ya ce shi ya buɗe fatar, ba zai tashi ba sai ya ga ta rufe. Likita ta sa na gaya masa cewa tsayawar da ya yi a ƙaho ɗaya ta taimaka. Ya ce a gaya mata ɗaurinta ma ba laifi. Shi da Baba Tanko suka zauna suna hirar jini kamar manoma biyu na hirar taki, kowa na ganin ɗan'uwansa ya kusa ganewa.

Hamisu dai na kwance, cikinsa ya kumbura, numfashi sama-sama, wani lokaci ya san mutane wani lokaci ya kira sunan sassan inji. Haka aka kwana, aka wuni, aka sake kwana. Ni Kirista ne, amma duk sallar da Hajiya ta idar ta ɗaga hannu sai na ji bakina ya ce amin. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku.

Da safe na je na huda shi yana barci. Hannun da ɗumi, amma Sista ta sa masa kwalbar ruwan zafi a gefe, saboda haka ɗumin bai gaya min komai ba. Na juya tsinken, na ɗora a kati. Awo ya faɗo ƙasa da arba'in, faɗuwa ta lokaci guda. Na kai wa likita da saurina ina zaton albishir na kawo. Ba ta yi murmushi ba.

Ta ce faɗuwar nan ma'ana biyu gare ta. Ko dai ƙofofin sun rufe, ruwan da ya fita yana komawa jijiya yana tsinka jinin, wato ya tsallake. Ko kuma jini ne ya ɓalle a cikin hanji inda ba ma gani, wato jan ne ke tafiya. In na farko ne, a cire ruwa maza kada huhu ya cika. In na biyu ne, jini ake so yanzu, masu jinin kuwa suna bayan get ɗin masaƙa, jiniya ta riga ta yi kuka. Na ce to tsinken me ya ce. Ta ce tsinke ba ya rarrabewa, iyakar saninsa ke nan.

Ta taɓa jijiyar wuyan hannunsa, ta danna cikinsa, ta auna, ta ce alamu ba su yi muni ba amma ba za ta rantse ba. Abu ɗaya zai raba gardama. In ruwa ne ya dawo, ƙoda za ta samu abin tacewa, zai yi fitsari mai yawa. Mai zubar jini a ciki ba ya yi. Ta rage ɗigon ruwan, ta sa ɗan aike ya tsaya da keke a bakin ƙofa ko za a ruga masaƙa a roƙi masu get, ta ce a tashe shi a ba shi kwalbar fitsari.

Aka tashe shi. Ya dubi kwalbar, ya dubi mahaifiyarsa da ke zaune a gefen gado, ya mayar da kai ga bango. Likita ta ce me ya faru. Na ce kunya. Ta ce mutum na bakin mutuwa yana kunya? Na ce a nan haka ake yi. Hajiya ta ce ba inda za ta, ita ta haife shi, ba abin da ba ta gani ba. Sai Malam Idi ya leƙo daga baranda ya ce, "Hajiya, ni na yi masa kaciya, ni ma a waje nake. Fito." Ta tashi ta fita. Likita da Sista ma suka fita, aka bar ni da shi, na ja labule na juya baya ina kallon silin.

Shiru ya yi tsawo har na fara tunanin hanyar da ta fi kusa zuwa masaƙa. Sai na ji ƙara a gindin kwalba, a hankali da farko, sannan ta kama jiki. Ta ci gaba. Na yi shekaru ina sauraron waƙoƙin coci, ban taɓa jin abin da ya yi min daɗin wannan ba. Can Hamisu ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa, "Luka, akwai wata kwalbar? Kuma a ce wa Hajiya ina jin yunwa."

Likita ta shigo ta duba, ta cire ruwan da hannunta, ta ce wa ɗan aike ya jingine kekensa. Ni kuma na ɗauki kwalaben zan kai ɗakin gwaji in auna. Hajiya Uwani na tsaye a baranda ta tare hanya.

Ta ce, "Ɗana, wannan na wane ne?"

"Nasa ne, Hajiya."

"Duka?"

"Duka."

"Jinin fa?"

"Ya ragu."

Ta dube ni da kyau. "Wace irin raguwa?"

Na ce, "Ta alheri, Hajiya. Ya ce ma yana jin yunwa."

Ta nemi abin dafawa ta rasa, ta zauna daɓas a kan siminti, hawaye na zuba ba ta share ba. Na tsaya da kwalabe a hannu. Ta ɗago ta nuna su da haɓa, ta ce, "To tafi da su a hankali, kada ka zubar."

Na kai su da hannu biyu.